Ranar da Na Fizge Faranti Daga Hannun Hajiya

Na san wasunku sun gama yanke mini hukunci tun daga ganin kan labarin. Ba komai. Ku dai gyara zama ku ji yadda aka yi, in na gama, mai zagina ya zage ni da hujja.

Ga waɗanda yau ne shigowarsu ta farko: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, sana'ata ɗaukar hoton abinci. Masu yin kek da masu gidajen shan shayi ke aiko mini da kayansu, in ɗauka yadda duk wanda ya gani a waya sai ya haɗiyi yawu. Sai kuma Likita. Likitan haƙori ne, shekararmu biyu tare, kuma wata mai kamawa aka ce manyansa za su zo a tsayar da magana. Ina son sa. Ba zan ɓoye wannan don in burge ku ba.

Rigimar daga hoto ɗaya ta faro. Yanka ɗaya na kek ɗin cakulan na ɗora a farin faranti mai faɗi, na matsar da shi gefe, na bar sauran farantin wayam. Cokali ɗaya, ɓurɓushi uku, shi ke nan. Haka nake aikina. Ba na tara kaya, ragewa nake ta yi har ido ya rasa wurin zuwa sai kan abincin. Hoton ya zaga sosai, ya zaga har ya faɗa wayar mahaifiyar Likita, wadda kowa ke kira Hajiya.

Shi da kansa ya kawo mini rahoton, muna zaune a motarsa a ƙofar gida, yana dariya har da dukan sitiyari.

"Kin san me Hajiya ta ce? Wai yarinyar da ke ba mutum yanka ɗaya a wannan uban farantin, da yunwa za ta kashe mata ɗa."

"Ka gaya mata hoto ne?"

"Na gaya mata. Ta ce hannun da ya jera hoton ai shi zai zuba abincin."

"Kai kuma ka ce me?"

"Me zan ce, Auta? Ki riƙa cika farantin mana. Ki zuba inibi, ki jera lemo, ki ɗan watsa fure. Me zai ragu a jikinki?"

"Kai in mutum ya zo maka da haƙori ɗaya mai ciwo, uku kake cire masa don a ce ka yi aiki?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ce bakina ne matsalata. Na ce ai da shi ya gan ni.

Kuskuren da na yi shi ne ba Umma labarin. Ummata mace ce da ko mai gyaran famfo ya shigo gidanmu ba ya fita sai da ƙunshi a hannu. A ce mata komai ta haƙura, ban da rowa. Kwana uku tana zagaye gida tana magana ita kaɗai. "Marowaciya. 'Yar da na haifa. Ni da ban taɓa dafa abin da ya yi daidai da mutanen gida ba." In ta gan ni da kyamara sai ta ja tsaki ta ce ga abin da ya jawo mana nan, faranti kamar an yi fari.

To, ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari ina da aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Anti mai kek, wadda na fi yi wa aiki, za ta buɗe shago na biyu, kuma hotona take so a buga a babban allon da ke saman ƙofa. Ba a waya ba, a bakin titi, inda Baba zai wuce a mota ya ɗaga kai ya gani. Mai buga allon ya ce ƙarfe sha biyu yake son hoton, in ya wuce haka sai wani sati, ita kuwa Litinin take buɗewa.

Wurin aikina tsohon ɗakin ajiya ne a bayan kicin. Na kwashe tsofaffin tukwane na tura lungu, na shafa wa bango farin fenti da kaina. Taga ɗaya gare shi, mai kallon gabas, na rufe ta da wani siririn farin mayafi don hasken ya yi laushi. Ba na kunna ƙwan lantarki, yana sa kek ya yi kalar mai ciwon shawara. Hasken tagar nan daga ƙarfe tara zuwa goma da rabi yake da kyau. Da ya wuce, rana ta hau bayan katangar maƙwabta, ɗakin ya koma ɗakin ajiyarsa.

Yanzu bari in tona muku asirin sana'a, tunda dai ya riga ya tonu. Kirim na gaske ba ya minti biyar a kan kek sai ya fara zubewa, ni kuwa hoto ɗaya yakan ci mini awa. Don haka yankan da nake ɗauka ba na ci ba ne. Tsakanin hawa da hawa ina sa siririn kwali don ya tsaya cak, in soke shi da tsinken sakace ta ciki. Ƙwayar inibin da ke sama ina shafa mata mai da buroshi don ta yi sheƙi. Farin kirim ɗin nan mai tudu kuwa, wanda kuke ta rubuto mini cewa ya tsinka muku yawu, kumfar aski ce. Ta Baba ce ma. Shi ya sa ban taɓa gaya wa kowa a gidan ba. Na dai manna takarda a ƙofa na rubuta kada a ci komai a ɗakin nan, Umma kuwa ba ta shiga balle ta karanta, a wurinta duk wasan yara ne.

Tara da rabi ina tsugune ina daidaita kumfar da bayan cokali, saƙo ya shigo.

*Hajiya za ta biyo ta gidanku yanzu, za ta gaida Umma. Ki shirya.*

*Ina da aiki har goma da rabi.*

*Ki ajiye shi. Don Allah, Auta. Yau ɗaya.*

*Ranar za ka ce wa ta tsaya?*

Ya turo hoton fuska mai haɗe rai. Na kife wayar na ci gaba. Na jingina farin kwali a gefen da babu taga don ya mayar da haske kan inuwar, na sauko da kyamara daidai tsayin farantin don hawa ukun su fito. Ban kai ga danna ko ɗaya ba na ji sallama, na ji muryar Umma ta canza zuwa wadda take ajiyewa don manyan baƙi.

Umma ta faɗo ɗakin ta kama hannuna. "Dubi jikinki. Wannan tsohuwar rigar za ki fita da ita? Wuce ki canza, ki sa doguwar rigar nan ruwan toka, ki yafa mayafi kamar 'yar mutane."

"Umma minti goma kawai."

"In sake jin minti."

Na tafi. Na sa doguwar rigar, na goge gumin da ke goshina, na ɗan zizara kwalli. Duka-duka bai fi minti bakwai ba. Da na fito, maimakon falo, sai na leƙa ɗakin aikina in ga ko hasken ya motsa. Kyamara na nan, kwali na nan, ɓurɓushin da na jera suna nan a kan tebur. Farantin ne babu.

Ban san lokacin da na isa falo ba.

Umma ta cika teburin tsakiya har babu wurin ajiye waya: lemo kala uku, biskit, dabino, ayaba, yankakken kankana, soyayyar kaza tun ta jiya da aka ɗumama. Duk wannan bai ishe ta ba. Ta shiga ɗakin aikina ta ga yankan da ya fi komai kyau a gidan, ta ɗauko don ta wanke sunan 'yarta. Hajiya na zaune a kujerar Baba cikin leshi ruwan zuma, tabarau mai sarƙa a ƙirji, jaka a gefen cinya, ƙamshin turarenta ya cika falon. Farantina na hannunta na hagu. Cokalin kuwa ya riga ya fito daga bakinta.

Na ga lokacin da ɗanɗanon ya isa. Idonta ya ɗan buɗe, hancinta ya motsa. Amma Hajiya babbar mace ce, ba za ta tofar da abinci a gidan da ɗanta ke neman aure ba. Ta runtse ido ta haɗiye. Har ga Allah a wannan lokacin ta burge ni.

"Da hannunta ta yi," in ji Umma, tana washe baki. Ƙarya ce, ko ƙwan da ke ciki ban fasa ba. "Ƙara mana, Hajiya, ai ba ki ci komai ba."

"Ma sha Allah," in ji Hajiya da wata siririyar murya. Ta sake nutsa cokalin, don kara.

Ku da kuke cewa da na yi magana a hankali, ku gaya mini da wane bakin. In tsaya a gaban surukar da ban gama gaisarwa ba in ce, Hajiya, kumfar gemun Baba kike sha? Ina cikin neman kalmar da za ta fita na hango kan tsinken sakace a cikin lomar da ta ɗebo, ya leƙo ta ƙasan kumfar, cokalin kuma ya kusa leɓenta. Ban yi shawara da kowa ba. Na tsallake teburin, na riƙe cokalin da hannu ɗaya, na fizge farantin da ɗayan.

Umma ta dafe ƙirji. Hajiya ta dubi hannunta da babu komai, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗauki tabarau ta sa ta sake dubana.

"To," ta ce a hankali. "Ashe yanka ɗayan ma ba a barin mutum ya cinye."

Na zube a gabanta. "Hajiya ki yi haƙuri, ba na ci ba ne. Na hoto ne. Akwai tsinke a ciki, ga shi." Na zaro shi na nuna mata. "Da kwali. Farin kuma ba kirim ba ne."

"Mene ne?"

"Kumfa ce."

"Kumfar me?"

"Ta aski."

Umma ta yi salati ta zauna a hannun kujera. Hajiya ta ce a ba ta ruwa. Na kawo, ta kurkure baki a ɗan kwanon wanke hannu, ta goge da hankicinta, duk ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta ce, "Ni da na ɗauka rowa ce kawai. Ashe abin da kike nuna wa mutane ma ƙarya ne."

Nan ne ya kamata in yi shiru. Na sani. Umma na ta ƙifta mini ido kamar ƙwaro ya faɗa mata.

"Ba ƙarya ba ne, Hajiya. Wanda ya je shago kek na gaske zai saya, da kirim na gaske, kuma haka kamanninsa suke. Wannan an yi shi ne don ya tsaya a gaban kyamara. Laifina da ban kulle ɗakin ba, amma aikina ba ƙarya ba ne."

"Har da amsa." Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta juya ga Umma. "Mun gode da karamci. Ke kam ba a same ki da rowa ba." Umma ta bi ta har mota tana ba da haƙuri, da ledar dabino a hannu. Ba ta karɓa ba.

Na dubi agogon bango. Goma da minti biyar.

E, abin da kuke zargi shi na yi. Na ɗauki farantina na koma ɗakin aiki na murza makulli. Ƙwalla ta cika mini ido, amma saura minti ashirin da biyar hasken ya tafi, kuma kukana ba zai mayar da kumfar da aka haɗiye ba. Na ajiye farantin da niyyar cike gurbin da cokalin Hajiya ya ci. Sai na tsaya. Gurbin ya buɗe cikin kek ɗin, duhun cakulan ya fito kusa da farin, ga ɗan ɓurɓushi ya zubo da kansa yadda ni ban taɓa iya jera shi ba. Na tura bakin kwalin ciki da tsinke, na juya farantin gurbin ya kalli taga, na kwantar da cokalin a gefe da ragowar kumfa a jikinsa.

Umma na dukan ƙofa. "Kin kashe aurenki kin shige ɗaki kina ƙyas-ƙyas. Wace irin zuciya ce da ke? Buɗe nan."

"Umma ina zuwa."

"Ni na jawo, ni da na ce a bar ki ki yi abin da kike so."

Na ɗauka sau goma sha huɗu. Hoto na tara shi ne wanda nake nema. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba, kuma ba zan yi kawaicin faɗa ba. Na tura wa Anti mai kek, ko minti biyu ba a yi ba ta amsa.

*Wannan ne. Kada ki taɓa komai. Wa ya ci?*

*Baƙuwa.*

*Allah ya yi mata albarka.*

Da rana Baba ya dawo, Umma ta zayyane masa komai tana share hawaye da bakin zani. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemunsa ya ce, "Shi ya sa take ƙarewa da wuri." Umma ta ce wato abin dariya ne. Ya ce a'a. Ya kira ni ya ce fizge abu a hannun babba laifi ne ko da wuta ce a ciki, in je in ba da haƙuri. Na ce zan je. Ya ce sauran maganar kuma ni zan zauna da mutumin, ba shi ba, don haka in yi tunani da kaina.

Likita bai kira ba sai bayan la'asar, kuma ba kira ba ne, saƙo ne. A shekara biyu na gane in ransa ya ɓaci ba ya son in ji muryarsa.

*Me kika yi wa mahaifiyata?*

*Na hana tsinke shiga dasashinta. Kai ka fi ni sanin abin da zai yi.*

*Ba wasa nake ba.*

*Ni ma. Gobe zan zo in durƙusa mata.*

*Ba zai isa ba. Ta ce ba za ta tura kowa gidanku ba sai kin rufe shafin nan kin bar wannan aikin.*

*Ita ta ce. Kai fa?*

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

*Auta, hoton kek ne fa. Ba asibiti kika gina ba. Zan riƙe ki, ba abin da za ki nema ki rasa. Ki rufe kawai a wuce wurin.*

Wannan ne ya yi mini ciwo, ba maganar Hajiya ba. Hajiya ba ta san ni ba, kuma an ba ta kumfa ta sha, tana da dalilin fushi. Shi kuwa ya sha zama a ɗakin nan yana riƙe mini kwali. Ya ga ranar da na yi kuka don hoto ya ƙi fita, ya ga ranar da na yi tsalle don ya fita. Ashe duk lokacin nan kallon mai wasan 'yar tsana yake mini, yana jiran in girma. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu lokacinsa da safe ba. Na yi mai isata, na tashi na wanke fuska.

Na wanke farantin, na goge shi tas. Na fita da shi barandar baya, inda hasken yamma ke faɗowa a kwance. Na zare zoben da ya sa mini ranar da ya ce in ba shi izinin turo manyansa, ɗan siririn zobe mai farin dutse, wanda ban taɓa cirewa ba ko wanke-wanke zan yi. Wurin ya yi fari a yatsana. Na ajiye shi a gefen farantin, ba a tsakiya ba, na juya har inuwarsa ta miƙe ta cikin filin da babu komai. Sau ɗaya na danna.

Na tura masa, na rubuta a ƙasa:

*Hajiya zan ba ta haƙuri, don na yi mata laifi. Shafina yana nan, aikina yana nan, Litinin hotona zai hau allo. Wannan kuma kai za ka faɗa mini: in mayar da shi yatsana, ko in aiko maka da abinka.*

Alamar nan biyu ta koma shuɗiya nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga nan sai ya sauka daga layi gaba ɗaya. Na zauna a dakalin baranda da wayar a cinya, ina gaya wa kaina ko a jikina. Ƙarya nake, duk jikina ne. In ya ce in aiko, ban san yadda zan wayi gari ba. Amma na san in na rufe shafin nan, wadda za a kai masa ba ni ba ce.

Minti arba'in ban ji komai ba. Sai na ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida, ƙarar da zan gane ko a cikin motoci ɗari. Umma ta fito barandar da sauri, ɗankwalinta a karkace, tana haki.

"Ga shi can ya zo. Kuma ba shi kaɗai ba ne, Hajiya na gaban mota, ta ce ba za ta shigo ba, ke za ki fita." Idonta ya sauka kan farantin, ya dawo kan hannuna. Muryarta ta yi ƙasa. "Auta, don girman Allah ɗauki zobenki ki sa."

Na gyara mayafina, na zura takalmi. Na wuce ta gabanta na nufi ƙofa da yatsana haka nan.